Antaliya ko Tarabzon a ƙarshen Oktoba? Amsa ga uwargidan da ke son kore, maigida yana son teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano. Maigidana yakan je Istanbul saro kaya, bana kuma ya ce zai tafi da mu: ni, da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara bakwai da mace 'yar shekara uku, da mahaifiyarsa mai fama da ciwon gwiwa. Zai gama harkokinsa wajen 20 ga Oktoba, daga nan muna da kwana shida na hutu. Shi Antaliya yake so don yara su yi wasa a ruwa. Ni raina ya fi kwanciya da Tarabzon, na ga hotunan Uzungol, ga kore ga sanyi, kuma an ce yawancin masu zuwa can iyalan Larabawa ne masu sutura. Ina tsoron tsiraici da giya a Antaliya, ga surukata tare da mu. Maganar har ta fara zama gardama a gida. Ina ya kamata mu je?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa alheri a tafiyar. A waɗannan ranaku da kika ambata, da yara ƙanana da tsohuwa mai ciwon gwiwa, gaɓar Antaliya za ku nufa. Da a ce Yuni ne ko Yuli, da ke muka goya wa baya. Damuwarki kan sutura da giya kuwa tana kan hanya, kuma tana da magani, wanda yake wajen zaɓen otal da unguwa. Za mu zo kansa. Amma bari mu fara da yanayi, don shi ne ya yanke hukuncin.

Yankunan biyu duk a bakin teku suke, duk kuma tsaunuka ne a bayansu, sai dai aikin da tsaunukan ke yi ya sha bamban. Antaliya tana kudancin Turkiyya, tana kallon Bahar Rum, tsaunukan Toros kuma sun tare mata iskar sanyi da ke gangarowa daga tsakiyar ƙasar. Tekun ya sha rana tun daga watan Mayu, kuma ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. Shi ya sa a Oktoba zafin rana a can yakan kai digiri 26 zuwa 27, dare ya sauka wajen 15 ko 16, ruwan teku kuma yana tsakanin 23 da 25. Yaro zai shiga ya yi wasansa ba tare da haƙoransa na kaɗawa ba. Ruwan sama na sosai sai Nuwamba yake kankama, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu.

Tarabzon da maƙwabciyarta Rize suna arewa maso gabas, a bakin Bahar Aswad. Iska tana kwaso danshi daga teku, ta ci karo da tsaunukan Kackar da suka haura mita 3,900, ta kasa tsallakewa, ta zubar da ruwan a nan. Koren da kika gani a hoto wannan ruwan ne ya haife shi. Rize ce lardin da ya fi kowane samun ruwan sama a Turkiyya, sama da milimita 2,000 a shekara, kuma a wannan gaɓar Oktoba ne watan da ya fi ruwa. A Oktoba kaɗai Rize takan samu kusan milimita 300, kwatankwacin abin da Kano ke samu a tsakiyar damina cikin Agusta, sai dai wannan da sanyi yake zuwa. Birnin Tarabzon bai kai haka ba, yana samun sama da milimita 100 a watan, zafin rana kuma wajen digiri 20.

To, wuraren da suka ja hankalinki ba a cikin birnin suke ba, a kan tsauni suke. Uzungol, ƙauyen da ke bakin tafki, tana da tsayin kusan mita 1,100 daga matakin teku, Ayder kuma, wani ƙauyen kan tsauni a lardin Rize, kusan 1,350. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Idan bakin teku yana 18 da rana, Uzungol tana 11 ko 12, da dare kuma ta sauka ƙasa da 10. Makiyayan da ke hawa kan tsaunuka da shanunsu lokacin zafi sun riga sun sauko tun Satumba, wuraren da suka haura mita 2,000 irin su Pokut kuma dusar ƙanƙara kan iya sauka a ƙarshen Oktoba. Ga hazo mai kauri da kan rufe kwari gaba ɗaya. Mutum zai yi tafiyar awa biyu daga Tarabzon zuwa Uzungol, kusan kilomita 100, ya isa ya tarar ba ya ganin hasumiyar masallacin da ke bakin tafkin, wadda ita ce a duk hotunan. Ayder ta fi nisa, awa biyu da rabi zuwa uku daga Tarabzon, ƙarshen hanyar duk lanƙwasa ne, abin da kan sa yara amai. Idan aka kwana biyu ana ruwa, zaftarewar ƙasa ba baƙon abu ba ne a hanyoyin Rize, wani lokaci a rufe hanya sai an kwashe.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Turkiyya agogo ɗaya take amfani da shi duk ƙasar, awa biyu gaba da Najeriya, kuma tun 2016 ba ta canza shi da hunturu. Tarabzon tana can gabas, don haka a ƙarshen Oktoba rana takan faɗi kafin biyar da rabi na yamma, a cikin kwari ma duhu ya riga haka. A Antaliya sai bayan ƙarfe shida. Wanda ya fita da yara bayan karin kumallo ya san darajar wannan minti arba'in.

Ciwon gwiwar Hajiya babba, wato surukarki, shi ne ya ƙara karkatar da mu. Sanyi da danshi masu ciwon gaɓɓai ba sa jin daɗinsu, kuma abubuwan kallo na Tarabzon hawa ne da gangara. Sumela, tsohon gidan ibadar Kiristoci da aka gina a jikin dutse kusa da Macka, ƙananan motoci kan kai mutum kusa, amma daga nan sai tafiyar ƙafa a hanya mai hawa, sannan doguwar matakala mai tsayi kafin a shiga. Idan an yi ruwa duwatsun santsi suke. Za ta ƙare a zaune cikin mota ko shagon shayi tana jiran ku, ke kuma hankalinki ya rabu biyu. Batun wanka a teku a can ki cire shi daga lissafi. Ruwan ya huce zuwa wajen digiri 20, babbar hanyar mota ta cinye yawancin bakin gaɓar, kuma Bahar Aswad ya yi ƙaurin suna da igiyar da ke jan mutum ciki, wadda ke cin rayuka duk shekara.

Ba za mu rage wa yankin haƙƙinsa ba. A tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa ganyen itatuwa kan rikiɗe ya zama ja da ruwan ɗorawa, tafkin Karagol na Borcka a lardin Artvin kuma yana cikin wuraren da Turkawa da kansu ke zuwa kallon haka. Cunkoson Larabawan Tekun Fasha na Yuli da Agusta ya watse, kuɗin masauki ya sauka. Ga gonakin shayi a jikin tsauni, ga kuymak, wato garin masara da aka dama da man shanu da cuku, ga ƙananan kifin hamsi da lokacinsu ke shigowa, ga ƙwallon naman Akcaabat. Mata da miji su biyu, masu ƙafa, da rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa, waɗanda ba za su ji haushi ba idan kwana uku cikin shida ana ruwa, za su ji daɗinsa. Ayarinku ba haka yake ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunki. Gaskiya ne manyan otal-otal na Lara da Belek da Kemer, wuraren shaƙatawa na gaɓar Antaliya, an gina su ne don baƙi daga Rasha da Jamus da Ingila, giya tana cikin kuɗin da aka biya, ana zuba ta tun hantsi, shigar bakin ruwa kuma irin tasu ce. Idan kuka faɗa irin wannan da surukarki, ba za ku sake ba. Amma a wannan gaɓar dai, musamman tsakanin Manavgat da Alaniya, akwai rukunin otal da Turkawa ke kira muhafazakar otel ko Islami otel. Babu giya a cikinsu gaba ɗaya, akwai masallaci na maza da na mata, wurin ninƙaya na mata daban a killace, ma'aikatansa mata, na maza daban, wasu kuma suna da na iyali inda mace ke shiga da cikakkiyar rigar wanka. Bera Alanya, Adenya da Wome Deluxe suna cikin sanannu. Yawancinsu tsarin da aka haɗa komai ne, kwana da abinci sau uku da abin sha.

Kalmar halal a talla ba ta isa ba. Wani otal giya kawai ya cire, wurin wanka kuma a haɗe yake. Kafin maigida ya biya ko kwabo, ya rubuta musu ta imel ko WhatsApp, su amsa a rubuce.

Tambaya ta farko, wace rana suke rufewa. Da yawa daga otal-otal na gaɓar na lokaci ne, suna rufewa tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, a makon ƙarshe kuma sukan fara sallamar ma'aikata, a kashe injin zamiyar ruwa, a rufe ɗakin wasan yara. Idan otal zai rufe ranar 26 ku kuma za ku fita ranar 26, ku nemi wani.

Ta biyu, ko wurin ninƙaya na cikin gini ana ɗumama shi, kuma na mata ma haka. Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wannan lokaci na shekara. Kwamin wanka na waje ruwansa kaɗan ne, dare ɗaya mai sanyi ya ishe shi hucewa, sai ki tarar teku yana 24 shi kuma yana 19 ko 20. 'Yar shekara uku ba za ta jure ba. A wasu otal ɗin wurin mata a kan rufin gini yake, inda iska ta fi kaɗawa.

Ta uku, shekara nawa ake daina barin yaro namiji shiga ɓangaren mata. Kowane otal da iyakarsa, galibi tsakanin biyar da bakwai. Ɗanki mai shekara bakwai mai yiwuwa sai dai ya bi babansa, don haka ku tsara tun daga gida kada ya zama kuka a bakin ƙofa. Ki kuma sani ana karɓe waya da kyamara a ƙofar ɓangaren mata, don kare mutuncin masu wanka. Ku sa lokacin haɗuwa da maigida kafin ki shiga.

Ta huɗu, yadda ake zuwa bakin teku daga ɗaki. Babbar hanyar D400 ta bi gaɓar Alaniya, otal da yawa kuma suna hayin hanya, sai an bi ta ƙarƙashin ƙasa a ɓullo bakin ruwa. Wasu hanyoyin na da gangara mai sauƙi ko lif, wasu matakala ce zalla. Wasu otal ɗin kuma a jikin tudu suke. Ku nemi ɗakin Hajiya kusa da lif, banɗakinsa na shawa wanda ba sai an ɗaga ƙafa an shiga baho ba. Ku kuma tambaya ko akwai ɓangaren mata a bakin tekun kansa, don ba duka ke da shi ba.

Kayan wanka na mata mai rufe jiki, wanda ake kira hashema, ki saya a Istanbul kafin ku taho, a Fatih ko Laleli, ya fi araha kan shagon otal. Ba a yarda a shiga kwami da atamfa ko rigar auduga ba, saboda tana jiƙa ta yi nauyi, zarenta kuma yana toshe matatar ruwa.

Bakin tekun ma ba iri ɗaya ba ne. Konyaalti da ke cikin birnin Antaliya tsakuwa ce, kuma taku kaɗan ruwa ya yi zurfi. Kemer ma tsakuwa ce galibi. Bakin ruwan Kleopatra na Alaniya yana da kyau ga ido amma yana da gangara da igiya mai ƙarfi. Don ƙananan yara, bakin ruwan Injekum kusa da Avsallar da na yammacin garin Side sun fi, yashi ne mai laushi kuma ruwan a hankali yake zurfi. Jan tuta idan an ɗaga, ba a shiga, ko da ruwan ya yi kamar ya kwanta. A ƙarshen kaka masu ceto sukan ragu, don haka babba ɗaya ya tsaya cikin ruwa kusa da yaran, kada a dogara da robar da ake hura wa iska.

Sai hanya. Daga Istanbul zuwa Antaliya bai kai awa ɗaya da rabi ba a jirgi. Inda ake tafka kuskure shi ne Istanbul filayen jirgi biyu gare ta: babban filin da jiragen Najeriya ke sauka, a ɓangaren Turai, da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. Tsakaninsu ya kai kilomita 80, cikin cunkoso kuma awa biyu ba ta isa. Tikiti mai araha sau da yawa na Sabiha Gokcen ne. A tafiya ba matsala tunda daga cikin gari za ku tashi, amma a dawowa, idan za ku wuce gida a ranar, jirginku ya sauka a babban filin, kuma ku bar tazarar awa huɗu idan tikitin daban-daban ne. Idan otal ɗin yana Alaniya ko gabas da ita, ku duba filin Gazipasha, wanda ke kilomita 40 daga garin. Daga filin Antaliya kuwa kilomita 125 ne, awa biyu ko fiye, motar haɗaka mai sauke mutane otal-otal takan kai uku. Ku biyar ne, ɗaukar shatar mota guda ya fi muku, ku ce a sa kujerar yara. Side da kewayenta awa ɗaya ce daga filin Antaliya.

Nauyin kaya a jirgin cikin gida kilo 15 zuwa 20 ne galibi, wani tikitin ma babu kaya a cikinsa sam. Kayan da maigida ya saro ya miƙa wa 'yan kargo a Laleli kafin ku taso, manyan akwatunan ku bar su ajiya a otal ɗin Istanbul. Hajiya babba kuma a nema mata keken guragu daga kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi. Kyauta ne, kuma filin Istanbul tafiyar cikinsa doguwa ce ƙwarai.

Kada ku raba kwana shidan nan gida biyu don a faranta wa kowa. Tarabzon da Antaliya kusurwa biyu ne na ƙasar, kwana biyu za su tafi a filin jirgi da ɗaure kaya.

Kore da ruwa mai zuba da kike so, akwai rabonki a kudu. Magangarar ruwa ta Manavgat tana kusa da Side, ƙarƙashin manyan itatuwa, wurin kusan a shimfiɗe yake, Hajiya za ta iya. Ta Duden ta ƙasa tana zubowa daga kan dutse mai tsayin mita 40 kai tsaye cikin teku, ana kallonta daga lambu ba tare da hawa ba. A Alaniya akwai kogin Dim, inda ake cin kifi a kan dandamali bisa ruwa tsakanin duwatsu masu itatuwa, sai dai ku tambaya waɗanne gidajen abinci ne ba su rufe ba. A tsohon garin Antaliya akwai Yivli Minare, hasumiyar da Saljuƙawa suka gina a ƙarni na 13, da ƙofar Hadiriyan ta shekarar 130 miladiyya. Titunan ciki duwatsu ne da gangara zuwa tashar jiragen ruwa, amma akwai lif da ke sauka daga sama kusa da dandalin Jamhuriya. Jan hasumiyar Alaniya ta shekarar 1226 a bakin ruwa take, ganuwar da ke kan dutse kuma tasi na kaiwa har sama. Fita biyu cikin kwana shida ta isa, sauran a bar yara da ruwa, tsohuwa ta huta. Idan hadari ya taso, don a ƙarshen Oktoba akan yi ruwa mai ƙarfi na kwana ɗaya ko biyu, gidan kifaye na Konyaalti mai ramin gilashi na mita 131 zai cinye muku rabin yini. Kowa ya riƙe rigar sanyi marar nauyi don dare.

Kan kuɗi, kada ku ɗauka Oktoba araha ce kai tsaye. Makarantun Jamus na hutun kaka a watan, na Ingila a makonsa na ƙarshe, Turkawan da ke zaune a Jamus kuma suna cikin manyan masu cika otal-otal na musulunci. Ga hutun ranar Jamhuriya, 29 ga Oktoba. Ku kama ɗaki da wuri, wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba, ku tabbatar an rubuta shekarun yaran daidai, don rangwamen yara da shekaru ake yinsa kuma ana duba fasfo a wurin karɓar baƙi. Canjin kuɗi a cikin gari ya fi na filin jirgi da na otal. Idan na'urar kati ta ba da zaɓi, a biya da lira.

Biza kowa da tasa har 'yar ƙaramar, maigida ya san hanya, a dai fara da wuri a kuma haɗa da inshorar lafiya, musamman ta Hajiya. Magungunanta a taho da su cikin kwalinsu tare da takardar likita, a jakar hannu. Idan zazzaɓi ya kama wani a can, ku gaya wa likita tun farko cewa daga Najeriya kuke a gwada maleriya, don ba cutar da suka saba gani ba ce kuma za a iya ɗaukarta mura. Lambar gaggawa 112 ce. Naman alade ba kasafai ake cin karo da shi a Turkiyya ba, a otal na musulunci kuwa babu shi. Abincinsu ba shi da yaji sosai, ki ƙullo naki a roba mai murfi.

Game da gardamar gida, Hajiya, kowannenku akwai abin da yake karewa, shi jin daɗin yara, ke mutuncin iyali da kunyar surukarki. Ki same shi cikin natsuwa ki ce kin amince da Antaliya bisa sharaɗin otal marar giya mai ɓangaren mata, ke kuma za ki duba amsoshin da suka aiko kafin a biya. Ki sa surukarki cikin shawarar, a nuna mata hoton ɗakin da hanyar bakin ruwa, don ta san an yi lissafi da ita. Tarabzon kuma ki nemi ya sa muku ita a wata tafiyar tsakanin tsakiyar Yuni da farkon Satumba. Idan lokacin ya zo, ku sauka a filin jirgin Rize-Artvin da aka buɗe a 2022, wanda bai wuce awa ɗaya zuwa Ayder ba, ku kwana biyu a kan tsaunin maimakon zuwa da dawowa daga birni a yini guda.